Kakan Bajamushe da Jan Bijimin Ardo

Har yau direbobin da ke ɗaukar shanu daga kara, wato kasuwar shanu ta Potiskum, zuwa kudu, in suka hango an gitta itace a hanya ana jiran na goro, sai ka ji sun ce, "Ga jikokin Mai Sarƙa can." Na sha tambayarsu ko sun san wane ne Mai Sarƙa. Wani ya ce mini ɗan fashi ne da aka taɓa yi a hanyar Gombe. Wani ya rantse aljani ne. Babu wanda ya san cewa mutumin basarake ne na ƙasar Jamus, wanda ya mutu shekara ɗari huɗu da suka wuce ko kusa da haka, bai taɓa ganin saniya mai tozo ba balle ya san akwai wani gari wai shi Potiskum. Ni na san yadda aka yi sunansa ya iso mana, domin saura kaɗan ya raba ni da sana'ata.

Ni ba ɗan gado ba ne a harkar shanu. Ubana manomi ne a Yindiski, gero da wake, bai taɓa mallakar ko maraƙi ba. Na fara ne da korar shanun mutane a ƙasa zuwa kudu, sanda a kafaɗa, ƙafa duk faso. Shekara tara ina wannan kafin na tsaya a kara na koyi dillanci, daga baya na gina zaure da ɗakuna uku a Dogo Nini na zama fatoma. Fatoma shi ne mai masaukin makiyayi. A gidanka zai sauka, kai za ka ciyar da shi, kai za ka tsaya a cinikinsa, kuma duk abin da ya sami dabbarsa tun daga shigowarta gari har fitarta, a wuyanka yake. Makiyayi ba ya sa hannu a takarda. In ya yarda da kai zai zo, ya jawo 'yan'uwansa. In ka ɓata masa ba zai ce maka uffan ba, sai dai wata Laraba, ranar cin kara, ka hango shi zaune a zauren wani.

Baƙona mafi girma a lokacin wani Ardo ne, tsoho siriri marar yawan magana, rugarsa can bayan Ngojin, tafiyar yini biyu in da shanu. Kusan duk makiyayan da ke sauka a gidana nasa ne: ƙannensa, surukansa, 'ya'yan 'yan'uwansa. In ya ɗauke ƙafa, ranar za su ɗauke tasu, ni kuwa in zauna da ɗakuna uku da tabarmi. A da a gidan wani Alhaji yake sauka, tsohon dillali, Babarbare, wanda ba ya buɗe baki sau uku bai ambaci cewa kakan kakansa ne ke saukar da ayarin fatake a Barno ba. Tun da Ardo ya dawo wurina Alhajin nan bai ƙara kirana da wani suna ba sai "mai faso."

'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai, da kaka, wani Bature ya zo garin a mota jif. Bajamushe ne, dogo, wuyansa ja kamar na zakaran da aka fige. Wani gandun kiwo da ke can yamma da mu ne ya aiko shi ya sayi bijimai na iri. Labari ya bazu a kara cewa duk dillalin da ya zaɓa shi zai riƙa kai wa gandun dabbobi shekara da shekaru. Ba zan yi ƙarya ba, na so abin ƙwarai. Da ya tambaya aka ce masa jajayen shanu masu kyau a gidana suke sauka, sai ga shi ranar Talata da la'asar. Na shimfiɗa masa darduma, na sa aka kawo fura. Bai daɗe da zama ba sai ga Alhaji ya shigo, ba wanda ya gayyace shi, wai ya zo wucewa ne ya ga mota.

Baturen yana jin Hausa, irin ta littafi, a hankali, kowace kalma da hularta. A yatsansa akwai zobe babba, an zana zagaye uku a kai, kowanne ya sarƙe da ɗan'uwansa. Alhaji ne ya fara tambaya.

"Ranka ya daɗe, wannan zobe na gado ne ko?"

Ai kamar an ɓalle bakin rijiya. Baturen ya gyara zama, ya zaro wani kati daga aljihu ya miƙo mana. Hoton wani mutum ne da aka sassaƙa da dutse, da sulke, da gemu kamar tsintsiya, ya durƙusa ya haɗa tafin hannu. Ya ce kakan kakanninsa ne, kuma babu yaron makaranta a yankinsu da bai san shi ba.

Ga tarihin mutumin kamar yadda jikansa ya ba mu shi, ban ƙara ba ban rage ba. Ya ci gadon wata hasumiya ta dutse a kan tudu, a bakin wani kogi da fatake ke bi da jiragen ruwa, ɗauke da tufafi da gishiri da giya. Gonarsa ba ta ciyar da shi, shi kuma ba ya noma, domin wai noma ba aikin ɗan babban gida ba ne. Sai ya sa maƙera suka ƙera masa sarƙa mai kauri, ya gitta ta daga wannan gaɓa zuwa waccan. Jirgin da duk ya zo sai ya tsaya. Al'adarsa ita ce ya fara ɗora hannu a kan kaya tukuna, sannan a zauna a yi magana. Falken da ya yi gardama a jefa shi rami a ƙarƙashin hasumiya har danginsa su aiko da fansa. Ya yi wa wani sarki yaƙi, da aka daina ba shi abin da yake so ya koma ya yi wa abokin gaban sarkin. A can ya rasa ido ɗaya. Ya yi aure sau uku, kowace mata da gonakin ubanta. Da fataken wani birni suka gaji suka haɗa kai suka ɗauki sojoji, aka kewaye shi, aka ce kada ya ƙara wuce iyakar tudunsa. Ya zauna a nan ya tsufa, ya gina majami'a, ya sa aka sassaƙa shi a ciki yana durƙushe. Ya mutu a kan gadonsa, da ƙoshinsa.

"Yanzu," in ji Baturen, yana ɗaga yatsa, "akwai mutum-mutuminsa a tsakiyar birni. Akwai titi da sunansa. Akwai makaranta. Akwai giya da fuskarsa a jikin kwalba. Kowace shekara yara suna rufe ido ɗaya su yi wasa da shigarsa. Sarƙar tana nan a gidan tarihi, mutane suna zuwa daga nesa su gani."

"A wane birni aka kafa mutum-mutumin?" na tambaya.

"A birnin fataken."

"Waɗanda yake jefawa a rami?"

"E, jikokinsu."

"Allah mai iko," in ji Alhaji, yana girgiza kai kamar an karanta masa tarihin waliyyi. "Ka ji maza. Ka ji asali. Ranka ya daɗe, ɗan babban gida ko a ina yake ana gane shi. Mu ma kakan kakana..."

Na katse shi. "Bature, su fataken da suka kwana a ramin, akwai wanda aka san sunansa?"

Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce wa zai riƙe sunan mai sayar da gishiri?

Ni na kori shanu a ƙasa. Na san irin mutumin nan, na gamu da shi a mashigin ruwa ba sau ɗaya ba, da kwari da baka, yana cewa kogin na ubansa ne. Mu a wurinmu in aka kama shi ɗaure shi ake a kai wa alƙali. Can kuwa wai sai aka sassaƙa shi da dutse aka kafa shi a tsakiyar birni. Abin da na gane shi ne, in ɗan fashi yana so a tuna da shi, ya sami gini mai tsawo, ya yi tsawon rai, ya ajiye mai rubutu a gida. Amma ban faɗi wannan ba ranar. Ina son cinikin gandu, sai na ce, "Lallai ya yi suna," na tura masa ƙwaryar fura.

Muna nan zaune sai ga Ardo ya iso da garkensa na sayarwa, shanu goma sha wani abu, a gabansu jan bijiminsa. Wannan bijimi ba na sayarwa ba ne, kowa a kara ya sani. Shi ke jan gaba. Shanun da aka raba da garke suna firgita a hanya, amma in yana gaba sai su bi shi kamar an ɗaura su da zare. In an sayar da su sai ya koma gida tare da mai shi. Ja ne wur, har ya yi duhu a wuya, ƙahonsa farare sun buɗe sun tashi sama, kuma Ardo ya san uwarsa da uwar uwarsa har bakwai.

Baturen ya miƙe tsaye. Ya zagaya bijimin sau biyu. Ya ce wannan yake so.

Na ce, "Wannan ba na sayarwa ba ne. Gobe zan nuna maka huɗu da suka kusa kai shi."

"Kowane abu yana da kuɗinsa."

"Wannan ba shi da shi. Jagora ne."

Ya dubi Ardo ya ce, "Baba, nawa?"

Ardo ya dubi ƙasa, ya yi murmushi, ya ce, "Sannu da zuwa, Bature. Ya hanya?" Wanda ya san Fulani ya san an rufe magana ke nan. Baturen bai sani ba. Na ga Alhaji ya raka shi har mota, suna tafe yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, amma ban kawo komai a raina ba. Wannan sakacina ne.

A kara akwai ƙa'ida. Ba a taɓa dabba da fenti sai mai ita ya ce ya sallama. In ya sallama, sai ya kwance igiyarsa, domin ba a sayar da igiya tare da dabba, mai saye ya ɗaura tasa, sannan ya sa shaidarsa da fenti a gadon baya ko a cinya. Daga nan dabbar ta zama ta hanyar kudu. Duk wanda ya ga sa mai fenti ya nufi daji maimakon kudu, ya san daga kara aka sato shi. Yaro ma ya san wannan.

Ranar Laraba, wajen azahar, ina can ƙarshen kara ina raba wata gardama a kan karsana, sai na ga mutane suna gudu zuwa wajen da shanun Ardo suke. Da na iso sai na tarar da jan bijimi da sabuwar igiya fara a ƙahonsa, a cinyarsa kuma zagaye uku na farin fenti, manya, kowanne ya sarƙe da ɗan'uwansa. Baturen yana tsaye da gwangwani a hannu, fuskarsa cike da fara'a. Ardo ya tafi alwala ne ya dawo ya tarar da haka. Yana tsaye ya dogara da sandarsa.

"Yanzu mu zauna mu yi magana," in ji Baturen. "Ko nawa ya ce zan biya. Alhaji ya gaya mini Bafulatani ba ya cewa ya sayar da bakinsa, kunya yake ji, sai an taimake shi. Kakana ma haka yake yi. Hannu tukuna, magana daga baya."

Alhaji yana gefe yana dariya har rawaninsa na karkacewa. "Kai Ardo, bawana, mene ne na ɓata rai? Na yi wa bijiminka ado ne. Ai yanzu ya zama ɗan sarauta, ya fi ka asali. Wasa ne, jama'a, tsakanina da bawana ne."

A nan ne na gane zurfin ramin da ya haƙa mini. Barebari da Fulani abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Babarbare zai ce wa Bafulatani bawansa, ya ƙwace masa ƙwarya, ya zage shi a bainar jama'a, kuma abin kunya ne Bafulatanin ya nuna fushi. Saboda haka Ardo ba shi da damar yin fushi da Alhaji. Ba zai yi da Bature ba, baƙo ne, bai san komai ba. Saura mutum ɗaya da laifin zai sauka a kansa, wato fatoman da aka bar wa amanar dabba ya tafi rabon gardamar wasu.

Ardo ya yi murmushin dole ya ce, "Babarbare, ka yi wasanka." Sannan ya juyo gare ni, a hankali, ba tare da ya dube ni ba. "Ɗana, in an gama sayar da sauran, a kawo mini buta da tabarmata nan. Ba sai na koma gidanka ba."

Bai taɓa tafiya bai koma ya yi sallama da iyalina ba. Na san abin da ake nufi.

Na dubi Baturen, na dubi gandun da nake mafarki, na ga ba su kai tabarmar tsohon nan ba. Na je na kwance farar igiyar daga ƙahon bijimin, na naɗe ta, na miƙa masa a gaban kowa.

"Riƙe igiyarka, Bature."

"Amma zan biya!"

"Ba a sallama maka ba. Kakanka da kake ta faɗa, kogi ya samu da sarƙa da mutanen da ba su da mai tsaya musu. Nan kara ce. Wannan tsoho a gidana ya sauka. In kana son shanu, ka tambaya, a ce maka e ko a'a, kamar kowa."

Wuyan nan nasa ya ƙara ja. Ya ce shi ba a taɓa yi masa magana haka ba, ya ce ban san ko shi wane ne ba.

Na ce, "Na sani mana. Jiya ka gaya mana. Jikan mai tare hanya ne kai."

Wani mahauci daga baya ya ɗaga murya ya ce, "A ba jikan Mai Sarƙa hanya ya wuce!" Kara ta ɗauka da dariya. A ranar aka raɗa sunan, kuma ban san yadda mahaucin ya ji labarin ba sai daga baya, ashe Alhaji da kansa ya bi rumfa-rumfa da safe yana ba da shi don a san irin manyan da yake hulɗa da su.

Faɗar magana ba ta goge fenti. Na aika aka sayo kananzir, na tuɓe rigata ta sama na shiga gogewa da tsumma. A nan na yi kuskure na biyu. Fentin mai ne, ya riga ya kama gashi. Maimakon ya fita sai ya baje, cinyar ta zama fari-fari dusu-dusu, zagayen kuma ana ganinsu a ƙasa. Da sa ne mai shaida. Yanzu ya zama sa mai shaidar da aka yi ƙoƙarin gogewa, wato sak abin da ɓarawo ke yi. Wani ya ce a aske wurin. Na ce in aka aske ai an gama tabbatar da satar.

Ardo ya dubi cinyar ya daɗe. Tsakanin Potiskum da rugarsa akwai ƙauyuka da yawa, kowanne da masu sa ido, kuma a shekarun an sha satar shanu. Tsoho ɗaya da bijimi mai gogaggen fenti, ya nufi daji: za a tsare shi a ƙauyen farko, a zaunar da shi a ƙofar mai gari, yara su taru suna kallo. Ko an sake shi daga baya, an riga an ce an taɓa tsare Ardo da zargin sata. Irinsa ya gwammace ya rasa garke ɗungum.

Maganar mutum ɗaya ce ke wanke dabba a hanya, ta fatoman da ta fito daga hannunsa, kuma sai in yana tsaye a wurin da kansa. Aike ba ya yi.

Na ce, "Baffa, gobe da safe tare za mu tafi."

"Kana da baƙi a gida."

"Suna da abinci."

"Nisa ne."

"Na taka wanda ya fi shi."

Ya juya ya shafa wuyan bijiminsa. Daga baya ya bari aka mayar da butarsa gidana.

Da safe na ɗauko tsohuwar sandata daga bayan ƙofa, da malfa, da gora. Shekara bakwai rabona da su. Hanyarmu ta bi ta gaban zauren Alhaji, yana zaune da mutanensa, kamar ya san za mu wuce.

"A'a, mai faso! An koma gidan jiya? Dama na ce rigar nan ta yi maka nauyi. Ardo bawana, ka sami sabon yaron kiwo, a riƙa ba shi nono da yawa!"

Na ce, "Alhaji, a gaida kakan kakanka."

An tsare mu sau huɗu a yini biyun nan. Kowane wuri abu ɗaya ne: a zagaya bijimi, a shafa cinya, a shinshina kananzir, a dubi Ardo. Ni kuma in shiga gaba in ce ni ne fatomansa, gidana a Dogo Nini, ga abin da ya faru. A wani ƙauye bayan Ngojin mai garin ya ƙi yarda da farko. Ya ce shi bai taɓa jin Bature ya shafa wa sa fenti da hannunsa ba, suna da masu yi musu. Dole na zauna na ba shi labarin tun daga hasumiya da sarƙa da rami har zuwa kwalbar giya. Ya saurara baki buɗe. Da na gama ya ce, "To shi wannan kakan, da aka kama shi, hannu aka yanke masa ko ƙafa?" Na ce makaranta aka sa wa sunansa. Ya ce lallai wannan ƙaryar ta fi ƙarfin ɓarawon shanu, mu wuce. Haka na riƙa shuka sunan Mai Sarƙa ƙauye-ƙauye, ni da na fi kowa raina shi. In ana lissafin waɗanda suka yi wa basaraken nan hidima bayan mutuwarsa, a sa ni kusa da mai sassaƙa.

Duk tafiyar nan Ardo bai yi mini maganar abin da ya faru ba ko sau ɗaya. Ya nuna mini wata ciyawa da ke kumbura cikin maraƙi. Ya tambaye ni ko gaskiya ne a kudu akwai inda ruwa ba ya ɗaukewa. Da muka isa ruga aka kawo mini kindirmo, na huta, na juyo. Da zan tafi ya ce, "Ka gaida gida." Shi ke nan. Bai ce zai dawo ba.

Na iso Potiskum ƙafata ta tsage kamar da. Na tarar Baturen ya koma hannun Alhaji ɗungurungum. Alhaji ya kawo masa shanun Kuri daga bakin tafkin Chadi, farare masu ƙaho kamar tulu, ya ce masa su ne sarakunan shanu, asalinsu ya fi na kowace saniya tsufa. Baturen da ya ji kalmar asali bai ƙara tambayar komai ba. Kowane mai korar shanu ya san Kuri dabbar ruwa ce, rabin yininta a cikin tafki take yi, in ka kai ta tudu mai ƙaya sai ta tsaya tana haki tana ramewa. Aka loda su aka kai gandu. Abin da ya same su a can ban gani da idona ba, saboda haka ba zan faɗa ba. Na dai san ba a sake aiko Baturen ba, kuma cinikin shekara da shekaru da muke ta haɗiyar yawu a kansa, daga ni har Alhaji babu wanda ya ci.

Laraba ta zo ta wuce, babu kowa daga wajen Ardo. Ta biyu haka. Ta uku wani surukinsa ya shigo kara da shanu biyu, ya sayar da su da kansa a bakin hanya, ya koma bai sauka a gidan kowa ba. Na gane an ce musu su dakata ne, tsoho bai yanke ba tukuna. Matata ta tambaye ni ko ta rage awon tuwo ranar Talata. Na ce ta dafa kamar kullum. Mako shida muna rabar da tuwon baƙi ga maƙwabta. Alhaji kuwa ya sa aka yi wa zaurensa sabon daɓe, ya sayi tabarmi.

Ranar Talata ta bakwai, da la'asar, ina zaune a ƙofar gida sai na ji kukan shanu daga gabas, da yawa, fiye da na garke ɗaya. Dole sai sun bi ta gaban zauren Alhaji kafin su iso nawa. Na miƙe na tsaya a tsakiyar hanya ina kallo. Jan bijimi ne a gaba. Na ga Alhaji ya fito har bakin hanya da hannu a buɗe, na ji muryarsa yana cewa, "Bawana, ka dawo gidan ubangijinka?" Ardo ya tsaya, suka gaisa, ya ce masa wani abu, mutanen zauren suka yi dariya. Bijimin kuwa bai tsaya ba. Ya san hanya. Ya taho kai tsaye har ƙofata ya sa baki a kwamin ruwa, sauran suka biyo shi, a bayansu ƙannen Ardo biyu da wasu mutum uku da ban taɓa gani ba.

Na duba cinyar. Sabon gashi ya fito, sai ɗan fari kaɗan a ƙasa in ka san inda za ka duba.

Ardo ya iso a ƙarshe, ya jingine sandarsa a bangon zaure inda ya saba jingine ta. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, gida da shanu da ruwa da sauro. Sannan ya nuna baƙin nan uku da haɓa.

"Waɗannan daga wajen mai garin nan suke, wanda ya tsare mu bayan Ngojin. Sun ce a kai su gidan mai labarin sarƙa." Ya zauna a tabarmarsa, ya miƙe ƙafa. "Na jira gashin ya fito ne. Ya ƙafar taka?"

Na ce ta warke. Na leƙa cikin gida na ce a ƙara awo.